Tamfol a Kan Itacen Jego

Shekarun baya, a daminar da ake ta zancen Turawa za su miƙa mulki su koma gida, na yi wata wauta wadda har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Abin da ya taso mini da ita shi ne, shekaranjiya na ga wani maƙwabcina ya tara itace a bayan gidansa, ya naɗe shi da baƙar leda tun daga sama har ƙasa, ya bi gefe ya danne da duwatsu. Na daɗe a tsaye ina kallo. Shi ya sa na ce bari in ba ku labarin nan, ku da kuke haƙurin karanta surutun tsoho.

Ni mutumin Rano ne, a nan aka binne cibiyata. A lokacin ina sabon magidanci, shekara ɗaya da aure. Da damina noma nake yi, da rani kuma dakon buhuna a fulotin da ake awon gyaɗa. Wannan aikin ne ya kai ni Kano har sau biyu a bayan babbar mota, na ga dalar gyaɗa da idona, tun daga nan kuwa na ɗauki kaina wayayye. In ana hira a ƙofar gida, ba a rufe zance sai na ce, "Ai a birni ba haka ake yi ba." Abokaina tun suna tanka mini har suka gaji suka bar ni.

Matata 'yar Kibiya ce. Da yake cikin fari ne, al'ada ita ce in ya tsufa ta koma gaban iyayenta ta haihu a can, ta yi wankan jego na kwana arba'in. Ga waɗanda ba su tarar da abin yadda yake ba: safe da yamma ake dafa ruwa a ƙatuwar tukunya har ya tafasa, mai jego ta yi wanka da ganye, ta sha kunun kanwa, a kuma hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasar da take kwanciya. Mutanen lokacin sun tabbata cewa in aka yi sakaci da wannan, sanyi zai shige ta, ta kumbura, wataƙila ma a rasa ta. Duk wutar nan itace take ci, itacen kuma a wuyan miji yake. Ba mai tambayarka. Ido kawai ake zubawa a ga abin da za ka kai gidan surukai, da shi ake gane ko 'yarsu ta faɗa hannun mutum.

Tun tsakiyar rani, da cikin ya bayyana, mahaifiyata ta fara yi mini tuni. "Ka sari itacen nan tun yanzu rana ta samu ta busar da shi," in ji ta. "Haihuwar yarinyar nan tsakiyar damina za ta faɗo."

Na ce, "To, Inna." Haka na yi ta ce mata to, ina ta zirga-zirgata tsakanin fuloti da wurin hira, har bazara ta kama, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Sannan na ɗauki gatari na nufi dajin da ke bayan duwatsu. Busasshen itace duk masu sammako sun riga sun kwashe. Sai na faɗa wa marke mai rai, ina sara ina faskarawa, in na ɗaga gatari sai in ga bakinsa a jiƙe. Na san ɗanye ne, amma na ce a raina ai yawa ake dubawa. Na yi ta lodi a jaki ina kai wa Kibiya, sahu bayan sahu, har na tara tulin da ya kai mini kafaɗa.

Sai maganar abin rufi. Da aka tashi daga awon gyaɗa na shekarar, akawun fuloti ya ba ni wani tsohon tamfol da gefensa ya yage. Kore ne, mai nauyi, yana warin kwalta. Na zauna na ɗinke shi da basilla, ina ji da shi kamar wanda aka ba rigar sarauta. Ranar da zan kai shi, mahaifiyata ta fito da zana biyu da damin ciyawar jinka ta ajiye kusa da jaki.

"Ka haɗa da waɗannan, ka yi masa 'yar jinka."

Na yi dariya. "Inna, abin da ya rufe dalar gyaɗa ruwa bai taɓa ko ƙwaya ɗaya ba, shi ne zai kasa rufe itace?"

Ta dube ni ta ce, "Gyaɗar nan sai da ta bushe aka zuba ta a buhu."

Maganar ta shiga ta wannan kunne ta fita ta wancan. Na bar mata zanarta a tsakar gida na kora jakina.

Surukina, wato mahaifin matata, manomi ne mai ɗan karatu, dattijo mara yawan magana. Gidansa ba zaure, danga ce kawai, sai wata rumfa a ƙofar gida mai dirka shida na ƙirya. Mahaifinsa ne ya kafa su tun kafin a haife shi. Sun yi baƙi suna sheƙi saboda jinginar bayan mutane, gara kuma ba ta taɓa iya musu komai ba. A nan yake shimfiɗa buzunsa ya yi karatu, a nan yake karɓar baƙi, in ruwa ya tsare maƙwabta a nan suke salla. In ka tambayi gidansa a unguwar, ce maka za a yi gidan mai rumfar ƙirya.

A bayan gida, jikin danga, na shirya itacena. A ƙasa na jibge shi, na matse shi sosai don ya yi kyan gani, na shimfiɗa tamfol ya sauko ta ko'ina har ya taɓa ƙasa. Na zagaye shi da igiya na ɗaure tamau, na bi gefe da duwatsu. Ina cikin ɗaurin ƙarshe sai na ji gyaran murya. Surukina ne, ya tsaya ɗan nesa. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe shi.

"Sannu da aiki," ya ce. "Itace ya yi yawa, Allah ya yi albarka." Ya sake duban tulin, sannan ya ƙara da cewa, "Sai dai ɗan nan, da ka ɗaga shi a kan duwatsu, ka bar masa gefe ya riƙa shan iska."

Kaina a ƙasa, muryata a ladabce, amma zuciyata cike da fankama, na ce, "Baba, ai wannan na Turawa ne. Ko ɗigo ba ya shiga."

"Shiga kam ba ya shiga," in ji shi. Ya ɗan ƙara tsayawa kamar mai son faɗin wani abu, sai kuma ya ce, "To, Allah ya nuna mana alheri." Ya juya ya koma rumfarsa.

'Yan yanzu za su ce me ya hana shi sake faɗa. Ba ku san surukuta irin ta da ba. Suruki ba ya cin abinci a gabanka, ba ya kiran sunanka, ba ya daɗewa a inda kake. Wannan 'yar maganar da ya yi ma sai da ya danne kunya mai yawa. Dattijo irinsa in ya faɗa wa mijin 'yarsa abu sau ɗaya ya gama, maimaitawa kamar cin fuska ne. Ni kuwa don in ƙara wa wautata gishiri, kafin in tafi sai da na bar wa matata saƙo cewa kada kowa ya taɓa igiyar nan sai ranar da aka sauka.

Damina ta zauna da kyau. Duk sanda na sami sarari daga gona nakan leƙa Kibiya in gaishe su, in zagaya baya in duba abina. Ruwa na sauka a kan tamfol yana gangarewa, masu wucewa suna tsayawa su shafa shi su tambayi inda aka samo. Kaina ya ƙara girma. Wata rana na dafa shi na ji da ɗumi, har da wani ɗan tsami-tsami a hanci, na ce zafin rana ne. A zuwan nan ne kuma na lura da wani ɗan tarin busasshen itace kusa da rumbu, an ɗora shi a kan duwatsu, an kifa masa 'yar jinka kamar malafa, gefensa a buɗe. Na yi murmushi na ce a raina, tsoho dai sai da ya yi nasa irin na da.

Ina gona da hantsi aka zo aka ce mini an sauka lafiya, an sami mace. Na ajiye fartanya na kama hanya. Tun daga nesa na hango hayaƙi yana tashi daga cikin gidan, na ce to, yau tamfol zai nuna aikinsa. Da na zagaya baya sai na tarar igiyata tana nan yadda na ɗaure ta. Na kai hannu zan kwance, sai surukata ta leƙo ta kan danga ta ce Malam, wato surukina, ya ce a bar shi tukuna, akwai ɗan guntu a hannu, sai bayan suna. Na ɗauka karamci ne ake yi mini. Ranar suna kuwa baƙi suka yi ta zagayawa kallon tulin, ina jin surukina daga rumfa yana ce musu, "Aikin mijinta ne, shi kaɗai ya sara ya kawo." Ni kuma ina gefe ina sunkuyar da kai irin na mai kunya, alhali daɗi kamar ya kashe ni.

Washegarin suna, bayan baƙi sun watse, ya aika aka kira ni bayan gida. Daga ni sai shi. Ya nuna igiyar da sandarsa ya ce, "Kwance mu gani."

Ina ɗaga gefen tamfol wani tururi mai ɗumi ya bugi fuskata, da wari irin na jiƙaƙƙiyar dusa da ta kwana uku. Cikin tamfol ɗin duk gumi ne yana ɗiga. Itacen sama ya yi fari fat da fumfuna, a jiƙe sharkaf kamar an tsamo shi daga rafi, har naman kaza ya tsiro a tsakani. Na ƙasa kuwa gara ta hau shi ta yi gini har tsakiya. Na jawo guda ɗaya, ɓawon ya saɓule a hannuna, na matsa cikin ya lotsa. Gaskiyata ce, ko ɗigon ruwan sama bai shiga ba. Ruwan jikin itacen ne ya rasa hanyar fita, wata uku yana tashi yana komawa kansa.

Na kasa ɗaga ido. Ina jira ya ce ai na faɗa maka, da ma ya faɗa da na ji sauƙi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Nawa ya ƙare jiya da yamma. Saura kwana talatin da biyu."

A ranar marka ta sauka. Kwana da kwanaki ba a ga rana ba, ruwa na tsagaitawa yana dawowa. Na koma Rano a guje, mahaifiyata ta raba itacen girkinta biyu ta ba ni rabi. A hanya na tarar rafi ya kawo, na zauna a baki har ya ɗan janye, kafin mu haye ni da jaki rabin kayan ya jiƙe. Abin da na kai kwana huɗu ya yi. Maƙwabta suka taimaka da abin da za su iya, amma a tsakiyar marka kowa tattalin na tuwonsa yake yi. Aka koma ƙona kara da totuwa da ruɓaɓɓen itacena, hayaƙi ya cika gida, idanun surukata suka yi jawur saboda hura wuta, ruwan kuwa iyakarsa ya yi ɗumi.

Sai zazzaɓi ya kama matata. Ƙafafunta suka fara kumbura, nono ya ja baya, jaririya tana ta kuka. Tsofaffin matan unguwa suna shiga suna fita, ina durƙushe a bakin danga ina jin suna cewa, "Sanyi ne ya shige ta." Ba wadda ta dube ni, kuma ba wadda ba ta san itacen wa ake jira ba. An bar ni na leƙa ta daga bakin ƙofa. Tana kwance ta lulluɓa da zane biyu tana rawar ɗari, da ta gan ni sai ta yi ƙoƙarin gyara ɗankwalinta. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na ga cewa zan iya rasa yarinyar nan, kuma in aka rasa ta, ni da hannuna na ɗaure igiyar.

Washegari na ɗauki gatari na shiga daji ina neman matattun rassan da ke maƙale a kan bishiyoyi, ko cikinsu zai yi dama-dama. Yini guda na yi, abin da na samo bai fi rungume ɗaya ba. Da la'asar na doso gidan ana yayyafi, sai na ga ƙofar gidan ta yi wani irin fili, har na zaci ɓatan hanya na yi. Babu rumfa. Ramuka shida ne a ƙasa ruwa yana taruwa a ciki, an jingine tsohuwar jinkar a jikin danga. Surukina yana tsaye da gatari a kan dirka ta ƙarshe, rigarsa ta manne a jikinsa. Inda ya fasa, cikin ƙiryar ja wur, a bushe ƙamas.

Na yar da kayana na durƙusa a cikin caɓi. "Baba," na ce.

Ya miƙo mini gatarin. "Karɓi, hannuna ya gaji. Ka yi su ƙanana, ƙirya kaɗan take isa."

Na karɓa ina faskare ina kuka. Ya juya mini baya yana tattara guntayen, har na gama bai waiwayo ba, kuma na san don ya rufa mini asiri ne.

A yammacin nan tukunya ta tafasa har tana tumbatsa. Ƙirya wutarta zafi gare ta, garwashinta kuma yana daɗewa, sai aka riƙa jera abin da ya yi saura na itacena a gefen murhu yana bushewa ana haɗawa da ita. Haka aka lallaɓa har rana ta dawo. Bayan kwana uku zazzaɓin ya sauka, kumburin ya fara sacewa, aka cika arba'in lafiya. Ban ce ruwan zafin ne ya warkar da ita ba, wannan sanin Allah ne. Likitocin yanzu ma ba sa son wankan nan yadda ake yin sa a da, jikokina ba sa yi, ban kuma taɓa musa musu ba. Amma a wancan lokacin duk wanda ke gidan ya tabbata rayuwarta a kan wutar nan take, kuma a kan haka tsohon ya tuge abin da ubansa ya kafa.

Sauran daminar a bakin ƙofar ɗakinsa ya riƙa karatu, baƙinsa suna tsayawa a waje. Da kaka ta yi na zo na kafa masa wata rumfar. Na yi yawon neman ƙirya mai kaurin waccan ban samu ba, na sa abin da ya samu. Bayan 'yan shekaru gara ta cinye, na sake, ta kuma cinyewa, na sake. Kowane karo sai ya zauna a ciki ya ce, "Madalla, ta yi kyau." Bai taɓa ambaton ta farkon ba. Tamfol ɗin kuwa na so in jefar, ya hana. A ranin da ya biyo bayan haihuwar ya tsaya a kaina na jera duwatsu, na gicciya busasshen itace a kai da 'yar tazara, sannan ya sa na ninke tamfol ɗin na ɗora a sama kawai. "Abinka ba shi da laifi," ya ce. "Hula za ka sa masa, ka bar masa jikinsa."

Sai bayan rasuwarsa, shekaru da yawa, muna dawowa daga zaman makoki, matata ta faɗa mini abin da ban sani ba. Ta ce, "Malam, ka san Baba bai taɓa ganin laifinka a maganar itacen nan ba? Kansa ya ɗora wa." Ta ce tun watan farko ya zura hannu ƙarƙashin tamfol ya ji zafi, ya san abin da ke faruwa. Sau biyu tana ganinsa ya ɗauki wuƙa ya nufi igiyar, ya tsaya, ya dawo. Cewa ya yi in na zo na tarar an yanke, zan ga kamar an raina ni a gidan surukai. Shi ne ya koma tsintar nasa in ya taso daga gona, yana fatan zai isa. Ranar da zazzaɓinta ya yi tsanani, tana ji ya tsaya a bakin ƙofa yana ce wa mahaifiyarta, "Kunyar suruki ta kusa sa na rasa 'yata." Daga nan ya je ya ɗauki gatari.

"Ba wanda ya gaya mini an rushe rumfar," in ji ta. "Ƙamshin hayaƙin na ji na gane. A jikin dirkokin nan na koyi tsayuwa."

Ita ma yanzu ta riga ni, Allah ya ji ƙansu duka. Jaririyar da ake maganar tana nan da jikokinta. Na daɗe ina ɗauka girman kaina ne kaɗai ya ruɓar da itacen nan, kuma shi ne babba, ban rage wa kaina ko kaɗan ba. Amma tun ranar da matata ta ba ni wannan labari nake tausayin tsohon ta wata fuskar, don na gane nauyin da ya ɗauka shi kaɗai wata uku, yana ganin ɓarna yana kasa magana saboda mutuncina. Ban cancanci wannan kara ba. Shi ya sa mazajen 'ya'yana mata suke cewa na cika sa baki a abin da ba a tambaye ni ba. Gaskiyarsu ce, ina faɗa sau ɗaya, in ba a ji ba in sake.

Maƙwabcin nan nawa ma na yi masa magana shekaranjiya. Na ce ya ɗaga ledar ya bar wa itacen gefe. Ya yi dariya cikin ladabi ya ce, "Baba, ai wannan ledar ba ta yoyo." Na ce to, na koma gida na zauna a kan tabarma. Zaman ya gagare ni. Na ɗauki sandata na koma, na sunkuya da wannan bayan nawa, na bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya ina turewa.